Baƙin mai a jikin fulogi: daga ina yake fitowa, kuma yaya ake maganinsa?

Tambaya: Na kwance fulogi na tarar ya jiƙe da baƙin mai. Injin ya gama aiki ke nan?

Amsa: Kada ka yi saurin yanke hukunci. Ka fara duba inda man yake a jikin fulogin, domin a nan amsar take. Idan yana sama, kan farin tangaran da wurin da sufana ke kamawa, har ya shafi robar kwayil (abin da ke ba fulogi wuta), to daga waje ya zubo cikin ramin fulogin. Wannan aikin gaskit ne (robar da ke hana mai yoyo a mahaɗar murfi da inji), mai sauƙi. Idan kuwa man yana ƙasa, a bakin da ke fitar da tartsatsin wuta, kana ganinsa baƙi ƙirin yana ƙyalli, to mai yana shiga cikin silinda yana ƙonewa tare da fetur, kuma sai an yi bincike sosai.

Akwai abin da ke ruɗar mutane a nan. In ramin ya cika da mai ka kwance fulogin haka nan, man zai bi tiredi ya gangara ya jiƙa bakin, sai ka ɗauka matsalar daga ciki take. Saboda haka kafin ka saka sufana, ka haska ramin da tocila. In akwai mai kwance, ka tsane shi da tsumma a kan dogon sukudireba ko ka zuƙe shi da sirinji, sannan ka kwance.

Tambaya: Duk baƙin fulogi alamar mai ce?

Amsa: A'a. Baƙin da ya bushe, mai kama da toka ko gawayi, wanda ke gogewa da yatsa, alamar fetur ya yi wa iska yawa ne: matatar iska ta toshe ko nozul yana ɗiga. Fulogin da ya jiƙe yana warin fetur kuma bai yi maiƙo ba, wuta ce ba ta kamawa a silindar. Lafiyayyen fulogi bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske ko ruwan toka. Wani lokaci injin da ya daɗe yana shan mai kaɗan-kaɗan ba ya jiƙa fulogi, sai dai ya tara masa wani ɓawo mai kauri, fari-fari ko ruwan ƙasa.

Tambaya: In daga waje ne, me ya lalace, kuma ya ake gyarawa?

Amsa: Gaskit ɗin murfin bawul da zobban roba da ke zagaye kowane ramin fulogi. Zafin inji yana busar da su a hankali har su yi tauri su tsage. A sayi cikakken saiti, gaskit da zobban gaba ɗaya; canja ɗaya a bar ɗaya yana nufin sake buɗe murfin nan ba da daɗewa ba.

Bari injin ya huce, ka cire wayar batir ta negatif. Cire kwayil-kwayil da tiyon da ke maƙale da murfin, sannan ka kwance kusoshin. In murfin ya manne, ka bubbuge shi da gudumar roba. Kada ka zura sukudireba ka ɓanɓare, domin ƙarfen kan inji na alminiyom ne a yawancin motoci, in ka karce shi sabon gaskit ba zai riƙe ba. Goge fuskokin biyu har su bushe sarai. Gam ɗin silikon ɗan ɗigo ake sawa a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu kawai, ba a shafe gaskit ɗin da shi. Wanda ya yi yawa yana matsewa ya faɗa cikin inji ya toshe hanyar mai.

Wajen ɗauri, a fara daga tsakiya a fita gefe-gefe, ana tsallakawa. Kusoshin nan ƙanana ne, galibi kusan Nm 10 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) suke ɗauka, amma ka bi littafin motarka. Yawan matsewa ba ya hana yoyo, lanƙwasa murfin yake yi ko ya karya kusa. Murfin roba kuma a duba shi da kyau, yakan tsage ko ya karkace, wasu ma zobbansu a haɗe suke da shi, sai dai a canja murfin ɗungurungum.

Tambaya: In man daga cikin silinda yake fa, ta ina zan fara?

Amsa: Fara da masu arha. Duba gejin mai: in an zuba ya wuce alamar sama, karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, zai riƙa kaɗa shi yana watsawa inda bai kamata ba. Sai bawul ɗin PCV, ƙaramin abu ne da ke fitar da tururin cikin inji zuwa hanyar iska. In ya toshe, matsi na taruwa ya tura mai ta gaskit da sil (zoben roba mai tare mai); in ya maƙale a buɗe, sai ya riƙa zuƙo mai zuwa silinda. Irin na da, in ka girgiza shi ka ji ƙara yana aiki, in shiru ka canja. A mota mai tobo kuma, a duba ko akwai mai da yawa cikin bututun iska.

Daga nan hayaƙin salansa zai yi maka jagora. Shuɗin hayaƙi da safe in ka tayar da mota, wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, ko bayan ta daɗe tana aiki a tsaye, yana nuna sil ɗin bawul ne: man ya ɗiga ta sandar bawul yayin da injin ke kwance. Hayaƙin da ke ƙaruwa in ka taka totur ko kana hawan tudu ya fi karkata ga zobban fistin.

Tambaya: Yaya za a tabbatar kafin a buɗe inji?

Amsa: Da awon matsin silinda. Injin ya ɗan yi ɗumi, a cire duk fulogan, a katse fetur da wuta ta hanyar cire fiyus ɗinsu, a taka totur har ƙasa, a ɗaura ma'aunin a yi kik har allurar ta daina hawa. Yawancin injinan fetur suna bayar da psi 125 zuwa 180. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne daidaito: kada tazarar silinda da silinda ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Silindar da ta yi ƙasa, a zuba mata mai kamar mililita 5 ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta yi tsalle sama, zobba ne suka cinye, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin kan inji, musamman in silinda biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare.

Amma fa matsi mai kyau bai wanke zobba gaba ɗaya ba. Zoben da ke share mai daga bangon silinda daban yake da masu riƙe matsi, kuma yakan maƙale da datti a injin da ba a juye masa mai a kan lokaci. Irin wannan inji zai ba ka lamba mai kyau yana ta shan mai.

Sil ɗin bawul ana iya canja shi ba tare da sauke kan inji ba, ta hanyar hura iska cikin silinda don ta riƙe bawul ɗin. Zobba kam sai an buɗe inji.

Tambaya: Zan iya ci gaba da tuƙi a haka?

Amsa: Na ɗan lokaci, kana duba gejin mai a kai a kai. Sai dai mai a rami yana kumbura robar kwayil, wutar ta riƙa tserewa ta gefe, injin ya fara mis, wato wata silinda ta ƙi kama wuta, yana karkarwa. Na'urar bincike za ta nuna lambobin matsala P0300 zuwa P0304 a inji mai silinda 4. In fitilar inji tana ƙyaftawa, ka tsaya, domin ɗanyen fetur yana isa matatar hayaƙin salansa ya ƙona ta. Zuba mai mai kauri ko maganin hana hayaƙi yana ɓoye alamar ne kawai.

Tambaya: A wanke tsofaffin fulogan ko a sayi sababbi?

Amsa: In tangaran ɗin kawai man ya taɓa, feshin wanke birki ya isa, a bar shi ya bushe. Wanda bakinsa ya jiƙe a canja shi bayan an toshe inda man ke fitowa, in ba haka ba sabon ma zai lalace. Masu bakin iridiyom ba a goge su da burushin waya. Murɗa sabon da hannu tukuna don kada tiredi ya hau karkace, sannan ka ƙarasa da sufana mai auna ƙarfi, kusan Nm 25 ga fulogi mai tiredin milimita 14 a kan alminiyom. Robar kwayil da ta kumbura ko ta tsage ita ma a canja ta a lokaci guda.