Matsalolin Sabunta Manhaja a Sabuwar Laftop

Matsalar sabuntawa ita ce duk wata tangarɗa da ke hana kwamfuta sauko da gyare-gyaren da masu manhaja suka fitar, ko ta hana ta girka su bayan sun sauka. Tana iya samun kowace kwamfuta, amma ta fi yawa a kwanakin farko na sabuwar laftop. Wannan yakan ɗaure wa mai ita kai, domin yana ganin abin da aka ciro daga kwali yanzun nan bai kamata a ce yana da abin gyara ba. Sai dai jikin na'urar ne sabo. Manhajar da ke cikinta an ɗora ta ne tun a masana'anta, wataƙila watanni da dama kafin ta iso hannun mai saye, kuma duk tsawon zaman da ta yi a ɗakin ajiya da kan hanya, gyare-gyare suna ta taruwa suna jiranta.

Asalin matsalar

Tun daga watan Oktoba na 2003 kamfanin Microsoft yake fitar da gyaran tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. Laftop ɗin da ta yi wata takwas a kwali ta rasa irin wannan zagaye takwas ke nan. A Windows 10 da Windows 11 gyaran kowane wata yana ƙunshe da na watannin baya, don haka ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba, amma hakan yana sa fayil ɗin ya yi nauyi. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ranar da aka fara haɗa na'urar da intanet, a lokaci guda za ta nemi gyaran babbar manhaja, da direbobi (ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan na'ura) na allo da na sauti da na Wi-Fi, da bayanan riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, da ƙananan manhajojin kantin Microsoft, wani lokaci har da manhajar tushe wadda ake kira BIOS ko UEFI. A gefe guda kuma manhajar kamfanin da ya ƙera laftop ɗin, irin su Lenovo Vantage ko HP Support Assistant ko Dell SupportAssist ko MyASUS, ita ma ta tashi tana nata aikin. Idan ita da Windows suka yi karo a kan direba ɗaya, ɗayansu zai faɗi, sai saƙon kuskure ya bayyana.

Wasu gyare-gyaren kuma suna da jeri: wannan ba ya shiga sai wancan ya riga shi, wancan kuma ba ya kammala sai an kashe an kunna. Shi ya sa kuskuren da aka gani a sa'ar farko sau da yawa ba cuta ba ce, layi ne bai zo kansa ba. Yawancin irin waɗannan sukan warware da kansu bayan an sake kunna na'urar sau biyu ko uku, ana danna neman sabuntawa a kowane karo.

Karanta lambar kuskure

Windows yakan nuna lamba mai farawa da 0x, kuma mutane da yawa sukan rufe saƙon ba tare da sun dube ta ba. Wannan asara ce, domin lambar ita ce mafi amfanin abin da ke kan allon. Farkonta yana nuna ɓangaren da ƙorafin ya fito, ƙarshenta kuma yana faɗin ainihin abin da ya faru. Masu farawa da 0x8007 kurakurai ne na gama-gari na Windows, masu 0x8024 daga sashen sabuntawar kansa suke, masu 0x800F sun shafi girka sassan tsarin, masu 0xC190 kuma suna fitowa ne lokacin babbar ƙaura daga wani zubin Windows (wato fitowarsa) zuwa na gaba.

Lambar 0x80070070 tana nufin ma'ajiya ta cika. Lambar 0x80070002 tana nufin an nemi wani fayil ba a same shi ba, 0x80070005 kuma an hana izinin shiga. Idan aka ga 0x80072EE2, na'urar ta jira amsar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ake sauko da gyaran daga gare ta, har lokaci ya ƙure. Ita kuwa 0x80072F8F galibi agogo ne ba daidai ba. Lambobin 0x80073712 da 0x800F081F suna nuni da cewa wani abu a rumbun sassan Windows ya lalace ko ya ɓace. Lambar 0xC1900101 kusan kullum direba ce ta ƙi jituwa da sabon zubin, shi ya sa na'urar take komawa inda ta fito. Akwai kuma 0x800F0922 mai fuska biyu: ko dai an kasa isa ga uwar garken Microsoft, kamar yadda yake faruwa idan VPN (manhajar da ke karkatar da haɗin intanet ta wata hanya) na kunne, ko kuma ɗan ƙaramin ɓangaren faifai da tsarin ya keɓe wa kansa ya cika.

Ba kowace lamba ce take ɗora laifin a kan na'urar mutum ba. A watan Janairun 2024 gyara mai lamba KB5034441 ya riƙa faɗuwa da 0x80070643 a kwamfutoci masu yawa da ke kan Windows 10, saboda yana buƙatar sararin megabait 250 a ɓangaren faifai da aka keɓe don farfaɗo da Windows idan ya lalace, wanda a na'urori da dama bai kai haka ba. Masu kwamfutar ba su ɓata komai ba. Don haka yana da kyau a haɗa lambar kuskuren da lambar KB ta gyaran a bincika su tare, a ga ko matsala ce da kamfanin ya riga ya amsa.

Abubuwan da ake fara dubawa

Ƙa'idar ita ce a fara da mataki mafi sauƙi, wanda ba ya ɓata komai idan bai yi aiki ba.

Na farko wuta. A jona caja kafin a fara, kada a dogara da batir. Na biyu agogo, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙaramin abu ne mai jawo babban ruɗani. Kwamfuta ba ta karɓar gyara daga uwar garke sai ta tantance takardar shaidarta, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Laftop ɗin da batirinta ya mutu a kwali tana iya tashi da kwanan wata na shekarun baya. A idonta, takardar da ke da inganci yau ba ta ma fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi haɗin gaba ɗaya. Gyara kwanan wata da yankin lokaci aikin minti ɗaya ne, amma akwai waɗanda suka goge na'ura baki ɗaya a kan wannan.

Na uku hanyar intanet. Idan an saita haɗin a matsayin mai ƙayyadadden data, Windows yana jinkirta yawancin saukarwa da gangan. Wi-Fi ɗin da ke neman a shiga ta wani shafi kafin ya buɗe, da VPN, da hanyar ma'aikata mai tace zirga-zirga, duk suna iya tare hanya. Gwada wata hanyar dabam yakan raba gardama nan take.

Na huɗu sarari. Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, yana neman aƙalla gigabait 64 na ma'ajiya da gigabait 4 na RAM. Laftop masu araha da dama suna zuwa da wannan mafi ƙarancin daidai, kuma tsarin kansa yana cinye kaso mai tsoka. Tun zubin 1903 na Windows 10 ake keɓe kimanin gigabait 7 domin sabuntawa, amma babbar ƙaura takan nemi fiye da haka. Share fayilolin wucin gadi da cire manhajojin gwaji da suka zo da na'urar yakan buɗe wuri. Daga cikin waɗannan manhajojin, riga-kafin gwaji na wani kamfani dabam shi ne wanda ya fi yawan shiga tsakani, domin yana riƙe fayilolin da ake son canzawa. Cire shi ba ya barin na'urar tsirara, tunda Microsoft Defender yana karɓar aikin da zarar wancan ya tafi.

Idan rumbun ne ya lalace

Idan waɗannan duka lafiya suke amma kuskure ɗaya yana ta dawowa, to zargi ya koma kan fayilolin da aka riga aka sauke. Saukarwar da ta yanke a tsakiya takan bar guntun fayil, kuma tsarin yakan yi ta ƙoƙarin girka wannan guntun maimakon ya sauko da sabo. Windows yana da mai binciken matsalar sabuntawa a cikin saitunansa, kuma shi ya kamata a fara gwadawa. In bai yi ba, sai a yi aikin da hannu: a buɗe tagar umarni da ikon mai kula da na'ura, a tsayar da ayyukan wuauserv da bits da cryptsvc, a canza wa folda SoftwareDistribution da ke cikin C:\Windows suna, haka ma catroot2 da ke cikin System32, sannan a sake tayar da ayyukan. Tsarin zai ƙirƙiri sababbi. Canza suna ya fi sharewa, domin yana barin hanyar komawa.

Ga lambobi irin su 0x80073712, kayan aikin su ne umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan sfc /scannow. Jerin yana da muhimmanci. Shi sfc yana gyara fayilolin tsarin ne ta hanyar kwafowa daga rumbun sassa, DISM kuma shi ke gyara rumbun kansa. Wanda ya fara da sfc alhali rumbun ya lalace, ɗiban ruwa yake daga gurɓatacciyar rijiya. DISM yakan yi kamar ya tsaya cak a wani kaso na tsawon mintuna, kuma wannan ɗabi'arsa ce, ba a katse shi. Cikakken bayanin abin da ya faru yana cikin fayil ɗin CBS.log, idan kuma babbar ƙaura ce, manhajar SetupDiag ta Microsoft tana karanta bayanan ƙaurar ta fito da dalilin.

Gyara guda da ya ƙi shiga ana iya sauko da shi kai tsaye daga Microsoft Update Catalog ta lambarsa ta KB. A nan sai an kula da nau'in na'urar, domin laftop masu kwakwalwar Snapdragon suna buƙatar fayil ɗin ARM64 ne, ba x64 ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne manhajojin da ke tallan gyara duk kurakurai ko sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Sukan ɗora direban da bai dace ba, wasu ma ƙwayar cuta ce a cikin rigar magani, sai garin neman gira a rasa ido. Direban laftop daga shafin kamfanin da ya ƙera ta ake ɗaukarsa, da lambar samfurinta.

Manhajar tushe da makullin farfaɗowa

Wannan ne wuri ɗaya da kuskure yake iya zama na dindindin. Yayin sabunta BIOS allo yakan yi baƙi, fanka ta yi ƙara, na'urar ta kashe kanta ta kunna fiye da sau ɗaya. Mai ita yakan tsorata ya danne maɓallin wuta. Idan aka yanke aikin ana tsakar rubutu, laftop ɗin tana iya ƙin tashi kwata-kwata. Wasu samfuran suna da hanyar ceto, amma ba duka ba. Ba a taɓa ta, ba a zare caja, ba a rufe murfi, har sai ta dawo da kanta.

Sababbin laftop da yawa kuma suna kulle bayanan faifai da BitLocker tun daga saitin farko, sau da yawa ba tare da mai ita ya lura ba, kuma zubin 24H2 na Windows 11 ya faɗaɗa wannan. Canji a manhajar tushe yana iya sa guntun tsaro na TPM ya ɗauka an taɓa na'urar, sai shuɗin allo ya fito yana neman makulli mai lambobi 48. Makullin yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga da shi ranar farko, ko a asusun ma'aikata idan tasu ce. In babu shi, babu wanda zai iya buɗe bayanan, har kamfanin kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemo makullin a rubuta shi a takarda tun kafin a fara kowace babbar sabuntawa.

Komawa baya da dakatarwa

Wani lokaci gyaran yana shiga lafiya amma ya ɓata wani abu, sauti ya ɗauke ko Wi-Fi ya ɓace. Ana iya cire gyaran wata-wata daga tarihin sabuntawa. Bayan babbar ƙaura kuma akwai kwana 10 na komawa tsohon zubi, muddin ba a share folda Windows.old ba. Ana iya dakatar da sabuntawa har mako biyar.

Tsoron sabuntawa yana da tushe. A Oktoban 2018 Microsoft ya janye zubin 1809 kwanaki kaɗan bayan fitowarsa saboda ya share fayilolin wasu mutane. Shi ya sa idan Windows bai miƙa wa na'ura sabon zubi ba, bai kamata a tilasta shi ba, domin kamfanin yakan riƙe shi da gangan daga samfuran da aka san suna da matsala da shi. Amma kashe sabuntawa gaba ɗaya ya fi haɗari. Ƙwayar WannaCry da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, har ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya, ta bi ta wata ɓaraka ce da aka riga aka fitar da gyaranta tun watan Maris.

A macOS da Linux

Dalilan iri ɗaya ne: sarari, agogo, hanya, wuta. A Mac, idan girkawa ta ƙi, ana gwadawa a yanayin kariya, ko a shiga yanayin farfaɗowa a duba faifai da Disk Utility. Masu kwakwalwar Intel ana shiga ne da Command da R yayin kunnawa, masu kwakwalwar Apple kuma da riƙe maɓallin wuta har zaɓuɓɓuka su bayyana.

A Ubuntu da danginsa, saƙon da sabon mai amfani ya fi gamuwa da shi shi ne cewa apt, wato manhajar da ke girka manhajoji, ya kasa samun kulle. Ma'anarsa ita ce sabuntawar atomatik tana aiki a bayan fage, kuma maganinsa jira ne, ba share fayil ɗin kullen ba. Girkawar da ta yanke ana ƙarasa ta da sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Laftop ɗin da aka ƙera bayan fitowar zubin Linux ɗin tana iya rasa direban Wi-Fi tun farko, sai an haɗa ta da waya ko kebul kafin ta sauko da abin da take buƙata.

Idan an sake girka tsarin daga tushe amma na'urar tana ci gaba da faɗuwa a wurare dabam-dabam da lambobi mabambanta, zargi ya bar manhaja ya koma kan RAM ko faifai. Yawancin kamfanoni suna sa manhajar gwajin sassa da ake shiga tun kafin Windows ya tashi. Sakamakon wannan gwajin, tare da lambar na'urar da rasidin saye, shi ake gabatarwa a nemi gyara ko musanya tun garanti bai ƙare ba.