Kafin a sa maka gwiwa ko ƙugu na ƙarfe

Idan likitan ƙashi ya sa maka ranar aikin sauya gwiwa ko ƙugu, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ne ko a wani wuri, to akwai aikin da ya hau kanka tun daga yau. Galibin waɗanda ake yi wa wannan aiki iyayenmu ne da guringuntsin gwiwarsu ya cinye, amma akwai matasa masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya lalace saboda jini ba ya isa gare shi.

Abin da muka fi tsoro shi ne ƙwayar cuta. Ƙarfe da robar da za a sa maka ba su da hanyar jini, saboda haka idan cuta ta maƙale a jikinsu magani ba ya cin ta da sauƙi, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire su. Kuma ƙaramin abu ne ke kawo ta: haƙori mai kogo, maruru, faso mai jini, ƙaiƙayi tsakanin yatsun ƙafa, zafin fitsari. Duk wanda kake da shi a nuna wa likita tun da sauran makonni. Don Allah, Baba, don Allah, Inna, kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko sakiya a ƙafar nan, kada kuma a aske wurin da reza. Idan an yi maka allura a cikin gaɓar a watanni 3 da suka wuce, ka faɗa.

Ranar ganin likita ka zuba duk abin da kake sha a leda ka je da shi, har jiƙo da tsimi da haɗin da ake sayowa a kemis don ciwon gaɓoɓi. A irin haɗin nan akan samu prednisolone ko dexamethasone, masu raunana garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya bari farat ɗaya ba. Magungunan tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel da asfirin, likita ne zai ce wanne za a dakatar kuma yaushe. Ba ka da laifi a wurinmu kan abin da ka sha, ɓoyewar ce ke cutarwa.

Mai ciwon suga da mai hawan jini su dage da magani da awo, domin suga mai yawa yana hana miki warkewa. Mai shan taba ko shisha ya ajiye aƙalla makonni 4 kafin aikin. A duba yawan jini da wuri, a kuma yi magana da 'yan uwan da za su ba da jini. Mai sikila ya sanar da likitansa na jini, don sau da yawa akan yi masa ƙarin jini kafin a shiga da shi.

Ƙarfin cinya shi ne zai tashe ka bayan aiki. Ka kwanta ka miƙe ƙafa, ka danna bayan gwiwa a katifa, ka ƙirga zuwa 5, ka saki, ka yi ta maimaitawa safe da yamma. Ka koyi tafiya da sandunan asibiti tun kana gida.

Shi ma gidan a gyara shi. Tsuguno ba naka ba ne na tsawon lokaci, musamman mai aikin ƙugu, don haka a tanadi kujerar bayan gida mai tsayi, a ɗaga wurin kwana daga ƙasa, a kwashe tabarmi da wayoyin da za su harɗe ka. Alwala da salla a kan kujera za ka yi su, har likita ya ba da izini. A tsayar da wanda zai yi jinya tun yanzu.

Daren aikin ka yi wanka da sabulu. Yawanci akan bar abinci awa 6 kafin a shiga, amma ka tambayi ma'aikatan ɗakin su faɗa maka lokacin da za ka daina ci da sha.