Tambarin kasuwanci: ba a kama kowa don bai yi rajista ba

Wani saƙo na yawo a WhatsApp wai duk wanda ya buga tambari a ledar burodinsa ko allon shagonsa ba tare da rajista ba, za a rufe masa shago kuma a ci shi tara. Masu ƙananan sana'o'i a kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi sun shiga ɗar-ɗar, irin wannan tsoro kuwa shi 'yan damfara ke jira su fito da jakar takardu.

Maganar ba ta da tushe. Dokar alamomin kasuwanci ta Najeriya, wadda aka yi tun 1965 kuma har yau da ita ake aiki, ba ta tilasta wa kowa yin rajista ba. Ta shafi mai kamfani da mai tebur, ta shafi mai sayar da kaya da mai yi wa jama'a aiki kamar tela ko mai otal, tun da gyaran 2023 ya shigar da su a fili. Abin da rashin rajista ke jawowa shi ne, ranar da wani ya kwaikwayi tambarinka, ba ka da takardar da za ka ɗaga. Sai ka gamsar da kotu cewa jama'a sun san kayanka da wannan alama, kuma wancan yana sayar da nasa ne a matsayin naka. Ana cin irin wannan shari'a, amma da gumi. Masu ruwan leda da yogot da sauran abin da ke shiga ciki, su kam NAFDAC kan nemi shaidar rajistar sunan kaya kafin ta ba da lamba. Wannan sharaɗin hukumar ne.

Kuskure na biyu ya fi wancan illa: "Ai na yi CAC." Takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, sunan kasuwancinka ta yi wa rajista, ba ta taɓa tambarinka ba. Na tambari wani ofishi ne daban a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. An kasa kaya da ayyuka gida 45, don haka rajistar da ka yi a rukunin abin sha ba lallai ta hana wani sa irin sunan a siminti ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun kamanni. Doka ta hana alamar da ta yi kama da wata mai rajista har ta iya ruɗin mai saye. Masu zane a kwamfuta kan ce wa mutum, "Alhaji, mu canza harafi ɗaya mu juya launin, shi ke nan." Ba shi ke nan ba. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba sunayen magani biyu, Castoria da Casorina, ta ce na biyun zai iya ruɗin mutane, domin ba ido kaɗai ake dubawa ba, har da kunne. Ka tuna yadda ake ciniki a nan: uwa ce za ta aiki yaro kemis, shi kuma ya faɗi sunan da baki yadda ya ji. Ba a jera kwalaye biyu a gabansa ya tantance.

Amma ba kowace kama ce laifi ba. A 2004 kamfanin Ferodo, mai kayan birkin mota, ya sha kaye a Kotun Ƙoli a ƙarar da ya kai Ibeto kan kwali mai launin ja da baƙi da fari. Kotu ta ga sunan Ferodo ne alamar, ba adon kwalin ba, shi kuma Ibeto da sunan Union yake sayarwa. Gyaran 2023 ya sa siffar kaya da kwali da haɗin launi cikin abin da za a iya yi wa rajista, sai dai fa sai ka yi musu rajistar.

A nan doka da hikimar kasuwa suka haɗu. Tambarin da ya fi ƙarfi a ofishin rajista shi ne wanda ya bambanta kayanka da na kowa: ƙirƙirarren suna, ko kalmar da ba ta bayyana kayan kai tsaye ba. Sunan gari ko wuri shi kaɗai yana wahalar shiga. Duk ɗan Bauchi na son Yankari da hoton giwa, amma wanda ya sa su a ledarsa ya zama ɗaya cikin taro. "Masar Bauchi" kuwa ta kowa ce, ba wanda zai hana maƙwabciyarsa faɗin haka. Tambarin gwamnatin tarayya mai dawakai da mikiya shi ma ba a sa shi sai da izini.

To ina hukunci? Harafin R ɗin nan cikin da'ira yana nufin an yi rajista, kuma sa shi a kan alamar da ba ta da rajista laifi ne, ko da yake tarar da dokar ta rubuta ba ta wuce naira 200 ba. Haruffan TM kuwa, da ke nuna kawai kana ɗaukar alamar a matsayin taka, kowa na iya sawa. Wanda ya buga jabun tambarin wani a kan kayansa shi ne ke cikin haɗari, domin wata doka daban ta tanadi ɗauri har shekara 2. Sauran rigingimu a Babbar Kotun Tarayya ake yin su, ba a ofishin 'yan sanda ba, kuma abin da kan biyo baya shi ne umarnin dainawa da biyan diyya.

Abin da ban ga adalcinsa ba shi ne hanyar ƙorafi. In wani ya nemi rajistar alama irin taka, ana buga ta a mujallar ofishin, a ba da wata 2 ga mai ja. Wane mai gidan burodi ne a Azare ke karanta wannan mujalla? Sa'a ɗaya, dokar ta ce mai rajista ba zai hana wanda ya riga shi amfani da alamar, bai kuma daina ba, ci gaba da abinsa. Sai dai kotu shaida take so, don haka tsofaffin rasitai, ledojin farko da takardar mai buga maka su, duk a adana su da kwanan watansu.