Kwamitin wucin gadi na majalisar birni

Kwamitin wucin gadi na majalisar birni ƙaramin rukuni ne na kansiloli, wani lokaci har da mutanen da ba 'yan majalisa ba, wanda majalisa ke naɗawa don ya binciki matsala guda, ya kawo rahoto, sannan ya watse. Wa'adi ne ya raba shi da kwamitin dindindin irin na kuɗi ko na ayyuka: na dindindin yana nan muddin majalisa na nan, na wucin gadi kuwa aikinsa na ƙarewa ranar da ya miƙa rahoton ƙarshe. A mafi yawan ƙasashe ba shi da ikon yanke hukunci, shawara kawai yake bayarwa. Akan kafa shi kan batutuwa irin su kwashe shara, magudanan ruwa, wuraren ajiye motoci, tsadar gidajen haya ko gyaran ƙa'idojin majalisar kanta.

Asali

Al'adar ware 'yan mutane su duba magana su dawo da bayani ta daɗe a majalisar dokokin Ingila, inda ake ganin alamunta tun wajen ƙarni na 16. Daga can ta sauko zuwa majalisun birane. Dokar gyaran hukumomin birane ta 1835 ta sake fasalin garuruwa 178 a Ingila da Wales, ta kafa zaɓaɓɓun majalisu, ta kuma wajabta musu naɗa kwamitin da zai kula da 'yan sanda. Da ayyukan birane suka ƙaru a ƙarni na 19, kamar ruwan famfo da tsafta da fitilun titi, sai kusan duk aikin majalisa ya koma hannun kwamitoci, na dindindin ga aikin yau da kullum, na musamman ga abin da ya taso bagatatan.

A Amurka ƙa'idojin sun zauna ne ta hanyar littafin Robert's Rules of Order, wanda injiniyan soja Henry Martyn Robert ya fara wallafawa a 1876, kuma majalisun birane da yawa na bin sa har yau. Ƙa'idoji uku daga cikinsa sun shafi wannan kwamiti kai tsaye. Yana rushewa da kansa da zarar ya gabatar da rahoton ƙarshe. Ba a ba shi aikin da ya riga ya faɗa hurumin wani kwamitin dindindin. Sannan girmansa ya danganta da aikinsa: idan aiwatar da abin da majalisa ta riga ta amince da shi ne, a naɗa mutane kaɗan masu goyon bayan abin; idan bincike ne da nazari, a faɗaɗa shi ya ƙunshi masu ra'ayoyi mabambanta. Wannan ƙa'ida ta uku ita aka fi mantawa da ita, alhali ita ce mafi amfani.

Yadda ake kafa shi

Kansila ne ke gabatar da ƙuduri a zauren majalisa, wani ya mara masa baya, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a. A wasu biranen magajin gari ko shugaban majalisa na da ikon naɗa kwamitin da kansa, a wasu kuma sai majalisa ta tabbatar da sunayen.

Ƙudurin shi ne ƙashin bayan kwamitin, kuma yawancin kwamitocin da suka lalace tun daga rubutunsa suka lalace. Ya kamata ya fayyace tambayar da ake son amsa, sunayen mambobi da shugaba, ranar miƙa rahoto, ma'aikacin da zai yi aikin sakatare, kuɗin da aka ware idan akwai, da wanda za a miƙa wa rahoton. Ƙudurin da ya ce kwamiti ya “duba matsalar shara” bai ce komai ba, don babu ranar da za a ce an gama duba shara. Wanda ya ce kwamiti ya kwatanta kuɗin kwashe shara da motocin hukuma da kuɗin ba da kwangilarsa, ya kawo shawara kafin a gabatar da kasafin kuɗin baɗi, ya ba da aikin da za a iya gamawa, ya kuma ɗaura shi da ranar da majalisa ke buƙatar amsar.

Faransa ta rubuta irin waɗannan sharuɗɗa cikin doka. Dokar 27 ga Fabrairu 2002 ta ba majalisun manyan garuruwa damar kafa tawagar neman bayani da tantancewa idan kashi ɗaya cikin shida na mambobi suka nema. Wa'adinta ba ya wuce wata shida, kansila ɗaya ba ya sa hannu a irin wannan buƙata fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ba a kafa ta daga 1 ga Janairun shekarar da ke gabanin shekarar zaɓen majalisu, don kada ta zama makamin yaƙin neman zaɓe.

Mambobi

Akan zaɓi adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, kamar uku ko biyar, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A Ingila dokar 1989 ta wajabta raba kujerun kwamitocin majalisa gwargwadon ƙarfin kowace jam'iyya, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta halatta shigar da mutanen waje cikin kwamitoci, ban da na kula da kuɗi, ko da yake galibi ba su da ƙuri'a. Duk kansilan da ke da wata moriya a batun, misali mai kamfanin da ke neman kwangilar, dole ya bayyana ta ya janye.

Zama a bainar jama'a

Nan ne doka ta fi tsanani, nan ne kuma aka fi yin kuskure. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar Brown ta 1953 ta wajabta wa majalisun birane yin zamansu a buɗe tare da liƙa ajanda awa 72 kafin zama na yau da kullum. Amma ta keɓe kwamitin ba da shawara na wucin gadi daga wannan wajibi bisa sharaɗi biyu: ya ƙunshi kansiloli zalla, kuma yawansu bai kai adadin da zaman majalisa ke halatta da shi ba. A majalisa mai mutum biyar, uku ne ke halatta zama, don haka kwamitin ba zai wuce mutum biyu ba. A mai mutum bakwai, ba zai wuce uku ba. Idan majalisa ta sa ko mutum ɗaya na waje a ciki, ko ta ba shi hurumi mai ɗorewa, ko ta tsayar masa da jadawalin zama, keɓewar ta faɗi, dole a buɗe ƙofa.

Akwai kuma tarkon da kansiloli ke faɗawa ba da niyya ba. Mutum biyu na kwamiti sun tattauna sun cimma matsaya, sai ɗayansu ya buga wa kansila na uku waya ya ji ra'ayinsa. A majalisa mai mutum biyar, masu rinjaye sun riga sun yi shawara ke nan a ɓoye, kuma dokar ta hana irin wannan jerin tuntuɓa, ko ta baki aka yi ko ta saƙon imel ko ta hannun ɗan aike.

A Ingila, tun bayan dokar 2000 da ta kawo kwamitocin sa ido, an saba kafa ƙananan rukunonin aiki da ke ɗaukar batu ɗaya su gama su watse. Da yake ba su yanke hukunci, sau da yawa sukan zauna ba tare da jama'a ba, sai rahotonsu ya bayyana a zaman kwamitin da ya kafa su.

Aiki da rahoto

Zaman farko na tsara jadawali ne daga ranar miƙa rahoto a dawo baya. Daga nan sai karɓar takardu daga ma'aikatan hukuma, ziyarar gani da ido, jin ta bakin masana da mazauna unguwannin da abin ya shafa, sai rubuta daftari. Rahoto mai amfani yana sa lamba ga kowace shawara, ya faɗi kuɗin da za ta ci, da ofishin da zai aiwatar, da lokacin da za a gama. Waɗanda ba su yarda da matsayar ba na iya neman gabatar da rahoton marasa rinjaye. Karɓar rahoto daban, amincewa da shawarwarinsa daban: na biyun na buƙatar ƙuri'a ta musamman, kuma majalisu da dama kan tsaya a na farkon.

Matsalolin da aka saba gani

Mafi yawa ita ce ƙarin wa'adi ba iyaka, har kwamiti ya zama na dindindin ba tare da an ce ya zama ba. Sai faɗaɗar hurumi, inda kwamitin ajiye motoci zai wayi gari yana tsara harkar sufurin birni baki ɗaya. Rashin sakatare na jawo ɓacewar bayanan zama, don kansiloli da yawa suna da wasu sana'o'in kuma ba su da lokacin rubutu. Idan zaɓe ya faɗo a tsakiyar wa'adi, mambobi na iya rasa kujerunsu aikin ya tsaya cak. Rahoton da ya iso bayan an zartar da kasafin kuɗi kuwa yakan jira shekara guda. Maganin da wasu majalisu ke bi shi ne sa ranar rushewa a cikin ƙudurin, da kuma wajabta wa ɓangaren zartarwa ya ba da amsa a rubuce kan kowace shawara.

Saɓanin ra'ayi

Masu suka na ganin ana kafa irin wannan kwamiti don a kwantar da ƙurar wata magana har jama'a su manta, wato kwamitin jeka-na-yi-ka, ko don a kauce wa dokar zama a buɗe. Masu kare shi na cewa mutum uku sun fi zauren majalisa iya bin takardu dalla-dalla, kuma hukuncin ƙarshe a bainar jama'a ake yanke shi. Ana kuma jayayya kan ba mutanen waje ƙuri'a, tun da ba zaɓarsu aka yi ba.