Mayafin wuya mai fuska biyu: tambayoyi da amsoshi kan saƙar raga biyu da kwarashi

Hunturun bara na saƙa wa Baba mayafin wuya, shuɗi da fari, saboda sanyin asuba da ke kama masa ƙirji in zai fita masallaci a nan unguwar Mabera, Sakkwato. Ranar da na kai masa Gwaggo na zaune a zaure. Ta karɓa ta juya shi, ta sake juyawa, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, sannan ta ce: "Ke ɗiyata, ina bayan wanga abu? Guda biyu kinka haɗe?" Gefe ɗaya layuka ne a tsaye, ɗaya gefen layuka a kwance, kuma babu inda zare ya yi reto. Tun daga ranar matan da muke saƙa tare a tsakar gida suke ta yi mini tambayoyi a kansa. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Wace irin saƙa ce wannan, kuma me ya raba ta da kwarashin da muka saba?

Turawa na ce mata intalokin, wato abin da ya sarƙe da juna. Ni saƙar raga biyu nake ce mata, don sunan ya fi faɗin gaskiyarta. Raga biyu ake saƙawa a lokaci guda, kowace da kalarta, kowace kuma tagogi ce zalla: sanda (saƙar da ke tashi a tsaye), sarƙa ɗaya (madaukin da ke kwance tsakanin sanduna), sanda, sarƙa ɗaya. Sandunan raga ɗaya suna faɗawa daidai tsakiyar tagogin ɗayar, sai su toshe su. Da haka ragogi biyu masu huda-huda suke zama ƙyalle ɗaya mai kauri.

Doka ɗaya ce ke riƙe da aikin duka: kowace kala cikin 'yar'uwarta kaɗai take shiga. Shuɗi a kan shuɗi, fari a kan fari. Kwarashinki ba zai taɓa soka fari yana ɗauke da shuɗi ba. Abin da ya rage shi ne ko sandar ta bi ta gaban ɗayar ragar, ko ta bi ta bayanta, kamar yadda kaba ke hawa ta sauka a saƙar tabarma ba tare da an ɗinke ta da maƙwabciyarta ba. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin koyo.

A saƙar kala biyu da muka saba, ana ɗauke da zaren da ba a aiki da shi a ɓoye cikin saƙa, ko a bar shi yana bin baya, ko a yi ta yankewa ana ƙullawa. A nan ba a yin ko ɗaya. Tun daga farkon mayafi har ƙarshensa ba za ki yanke zare ba sai in dunƙulen ya ƙare.

Me ya sa fuskokin biyu ba sa fitowa iri ɗaya?

Saboda duk abin da ya ɓuya a gaba, a baya yake bayyana. In sandar shuɗi ta bi ta gaba, za ki ga layin shuɗi a tsaye a wannan fuskar. In ta bi ta baya, sai ta bar sarƙar farin da ta tsallake a fili, ki ga layin fari a kwance, ita kuwa sandar shuɗin ta koma tana ado a ɗaya fuskar. Don haka bayan mayafin ba hoton gabansa ba ne da aka musanya wa kala. Sau da yawa wani zane ne daban. Zanen da ya fito kamar matakala a gaba yana iya zama 'yan akwatuna a baya. Har yau in na gwada sabon zubi, ina yin layi biyar ko shida nake juyawa in ga abin da ya fito a can, kuma wannan ɗokin bai taɓa barina ba.

Sai na ƙware a kwarashi kafin in taɓa ta?

A'a. In kin iya sarƙa da doguwar sanda, kin isa. Doguwar sanda ita ce wadda za ki naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, ki soka, ki jawo, madauki uku su hau, sannan ki zare su bibbiyu har sau biyu. In kina koyo a bidiyon YouTube ki kula: Amurkawa dobul suke ce mata, mutanen Ingila kuwa tirebul, kuma abin da Ingila ke kira dobul gajeriyar sanda ce, wadda ake sokawa ba tare da an fara naɗa zare ba.

Wane ulu zan saya, da wane kwarashi?

Ulu mai santsi, matsakaicin kauri, da kwarashi mai milimita 4. Kalolin biyu su kasance iri ɗaya a kauri, in da hali na kamfani ɗaya, domin in ɗaya ya fi ɗaya kauri raga ɗaya za ta rinjayi ɗaya, mayafin ya riƙa nannaɗewa. Ki guji ulu mai gashi-gashi da mai sauya kala da kansa. Na farko yana ɓoye miki inda za ki soka, na biyu yana cinye zanen.

Zaɓen kala shi ne inda mutane suka fi yaudarar kansu. Ja da kore a rumfar mai ulu a Babbar Kasuwa kamar sun yi hannun riga, amma in an saƙa su sai su dulmuye cikin juna, don duhunsu ɗaya ne. Ki ɗora dunƙulen biyu kusa da juna, ki ɗauke su hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. In har kina iya rarrabe su sarai, ki saya. Shuɗi mai duhu da ruwan madara, ruwan ƙasa da ruwan ƙwai, baƙi da ruwan toka mai haske, duk suna fitowa. Fari fat yana da kyau ranar farko, amma ƙurar hunturu ba ta raga masa. Mayafin Baba bai yi mako biyu ba ya koma ruwan madara da kansa.

Yaya ake kafa tushe?

Ragar waje ina kiranta uwa, ta ciki kuma ɗiya. Uwa kullum ta fi ɗiya da taga ɗaya, don ta rungume ta dama da hagu.

Ga mayafi mai faɗin kamar santimita 18 zuwa 20, ki yi sarƙa 32 da zaren uwa. Ki soka doguwar sanda a sarƙa ta shida daga kwarashi, sannan ki ci gaba: sarƙa ɗaya, tsallake ɗaya, sanda. Za ki samu taga 14. Ki ja madaukin ƙarshe ya yi tsawo, ki maƙala masa fil mai kulle don kada ya warware, ki ajiye. Da zaren ɗiya ki yi sarƙa 30, ki bi hanya ɗaya, ki samu taga 13. Lissafin ba wuya: yawan tagogin da kike so, ki ninka biyu, ki ƙara huɗu.

Sai ki shimfiɗa uwa, ki ɗora ɗiya a kanta, zarurrukan biyu suna gefe ɗaya. Ki gyara ta yadda kowace sandar ɗiya ta zauna tsakiyar tagar uwa, bakin ɗiya na sama kuma ya ɗan ɗara na uwa da rabin taga. Layuka biyun farko za su yi ta zamewa a hannunki kamar kifi, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke ajiye kwarashi. Ki kama ragogin da fil biyu ko uku, ki daure. Daga layi na uku sun riƙe juna.

Shi gaba da bayan nan, yaya hannu ke yin sa?

Kowane layi sau biyu ake bin sa. Da farko uwa: sarƙa huɗu, wato uku a madadin sanda, ɗaya ta taga, sai ki bi layin har ƙarshe, ki sa fil. Kada ki juya. Ki koma inda kika faro, ki ɗauki ɗiya, sarƙa huɗu, ki bi ta zuwa ƙarshe. Yanzu zarurrukan biyu sun haɗu a gefe ɗaya, sai ki juya aikin.

Sandar gaba: ki naɗa zare, ki nemo kan sandar da ke da kalarki daga ɓangaren da ke fuskantarki. In ta ɓuya bayan ɗayar ragar, ki zura kwarashi ta taga ki jawo kanta gaba, ki saƙa. Sandar baya: ki ɗan kwanto da bakin ɗayar ragar zuwa gare ki da babban yatsa, kwarashi ya bi ta bayanta ya sami kalarsa. Sandunan uwa na farko da na ƙarshe ba su da gaba ko baya, don a waje suke, ba abin da suke tsallakewa.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa, kuma shi ya fi kowane ɓata aiki. Kafin ki fara layin uwa, ki duba inda madaukin ɗiya da zarensa suke. Sarƙa huɗun da za ki fara ɗiya da su ita ma sanda ce, dole ta kasance ko gaba ko baya. In kika rufe tagar farko ta uwa alhali madaukin na ɓangaren da bai dace ba, sai kin gama layin kin dawo za ki gane.

Da wane zane zan fara?

Da irin na Baba. Layi ɗaya ki yi duk sandunan uwa da na ɗiya ta baya, madaukin ɗiya ma a baya. Ki juya, layi na gaba ki yi su duka ta gaba, madaukin a gaba. Haka za ki yi ta musanyawa. Fuska ɗaya za ta ba ki layuka a kwance, ɗayar a tsaye, kuma ba kya buƙatar takarda a gabanki.

Abin da ba za ki yi ba shi ne barin uwa kullum a fuska ɗaya, ɗiya kullum a ɗayar. Ragogin ba za su sarƙe ba, za ki ɗaga su su rabu kamar faifai biyu. In hannu ya faɗa, sai ki shiga matakala da akwatuna. Burina dai in fitar da dagin Arewa a bakin mayafi. Na zana shi a takardar lissafi mai gidaje, ina kan gwaji, kuma faɗin taga 14 ya yi masa kaɗan.

In na yi kuskure fa?

Ana warwarewa ne a jere, ɗiya sannan uwa, layi bayan layi. Ba a iya zare kala ɗaya a bar ɗaya. A mayafina na farko na soka shuɗi cikin fari sau ɗaya tak, ban lura ba sai da na yi kusan kamu guda a sama. Wurin ya tsuke kamar tabon ƙuna, na zauna bayan isha'i na warware aikin kwana biyu. Tun daga nan duk layin da na gama sai na duba fuskokin biyu, in ƙirga tagogi: 14 da 13. In lissafi ya canza, yawanci sandar ƙarshe ce aka manta, wadda ake sokawa a ta uku cikin sarƙa huɗun farkon layin da ya gabata.

Ulu nawa zai ci, kuma tsawon nawa ya kamata?

Ya fi saƙar fili cin ulu, tunda ƙyalle biyu ne a jiki ɗaya. Maimakon kintace, ki saƙa santimita 10, ki ga abin da kowace kala ta ci, ki ninka gwargwadon tsawon da kike so. Na babba santimita 150 zuwa 170 ya isa a naɗa sau ɗaya a cusa baki cikin riga. Ki sayi ulun duka rana ɗaya, don in kin koma bayan wata guda shuɗin da za ki tarar ba lalle ya zama shuɗin da kika bari ba.

Layin ƙarshe na uwa ce ita kaɗai, ita ke rufe ɗiya. Sannan ki zagaye bakin da gajeriyar sanda, kina haɗawa da gindin ɗiya da ya rage a sake tun farko. In mai hawa babur za ki saƙa wa, ɗan kabu-kabu ko ɗalibin da ke sammako zuwa jami'ar Ɗanfodiyo, ki rage tsawon, kada ki sa geza, kuma ki gaya masa ya cusa bakin cikin riga. Abin da ke reto kusa da taya ba abin wasa ba ne.

A garin da zafi ke haura digiri 40, anya wahalar ta cancanta?

Wata ƙanwata ce ta yi wannan tambayar a watan Afrilu, tana fifita, kuma ba ta yi laifi ba. Daga Maris zuwa Mayu ko kallon ulu mutum ba ya son yi. Amma duk wanda ya fita kafin fitowar rana a Disamba ko Janairu ya san iskar da ke busowa daga arewa, ya san tsofaffi da yara 'yan makarantar allo su ta fi cutarwa. Mayafin nan yana da kauri ba tare da tauri ba, ana iya jan sa a rufe hanci in ƙura ta taso, kuma ko ta wace fuska aka yafa shi daidai ne, wanda ke da amfani ga dattijon da ke shiri cikin duhu. Wata biyu zuwa uku zai yi aiki a shekara, ya yi shekaru yana yi. Ni da damina nake farawa, awa ɗaya bayan la'asar, cikin mako uku na gama. Saƙa cikin hunturu kanta tana da nata: kaushin yatsu yana kama zare yana tsattsage shi, sai na shafa man kaɗe tun da dare, da safe in goge hannu sosai kafin in taɓa ulu mai haske.

Yaya ake wanke shi?

Ki fara kakkaɓe ƙurar. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan a roba, ki matsa a hankali, ba cuɗawa ba murɗewa. Ki naɗe shi cikin tawul ya tsotse ruwan, ki shimfiɗa shi a kan tabarma a inuwa. In kika rataye shi a igiya nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo ya tsuke. Mafi yawan ulun kasuwa na roba ne, don haka dutsen guga kada ya kusance shi. In zafi ya shigo, ki tabbatar ya bushe sarai, ki ninke shi cikin tsohon zane ki sa a ƙasan akwati sai Nuwamba.