Daga ina sharuɗɗan digirin nazarin yanki suka samo asali?

Wanda ya buɗe manhajar wata jami'a don ganin abin da ake nema kafin a ba ɗalibi digiri na farko a nazarin wani yanki, ko Gabas ta Tsakiya ne, ko Gabashin Asiya, ko Latin Amurka, ko Afirka, kusan tsari ɗaya zai tarar. Harshen yankin na shekara biyu ko uku. Kwas ɗaya na share fage. Sai kwasa-kwasai a tarihi da adabi da addini da siyasa, tare da sharaɗin kada ɗalibi ya kwashe su duka daga sashe guda. A ƙarshe kundin bincike. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa akwai zamanin da ya haife shi.

Harshe shi ne ɗan fari. A 1795 Faransa ta buɗe makaranta a Paris don koyar da Larabci da Turkanci da Farisanci, saboda bukatar jakadu da 'yan kasuwa. Jamus ta buɗe tata a Berlin a 1887. Ingila ta kafa makarantar nazarin Gabas a Landan a 1916, aka ƙara Afirka cikin sunanta a 1938, ita ce SOAS ta yau. Da yawa daga masu zama a azuzuwan nan jami'an mulkin mallaka ne da sojoji da 'yan mishan. A tsofaffin jami'o'i kuwa nahawu da tsofaffin rubuce-rubuce aka sa a gaba, har ɗalibi ya iya fashin baƙin waƙar da ta shekara dubu, amma ya kasa tambayar hanya a birnin da ake magana da harshen.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo cakuɗa fannoni. Amurka ta wayi gari tana yaƙi a ƙasashen da ba ta da masu jin harsunansu, sai rundunar sojanta ta tura samari jami'o'i a 1943 don horon gaggawa: a yi ta maimaita magana da ɗan asalin harshe, sannan malaman tarihi da labarin ƙasa da halayyar al'umma su zo su bayyana ƙasar. Da yaƙi ya ƙare, jami'o'i suka riƙe salon. Masanin al'adu Melville Herskovits ya kafa shirin nazarin Afirka a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1948. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a 1957 hankalin Amurka ya tashi, a 1958 ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa, wadda sashenta na shida ya zuba kuɗi a cibiyoyin harshe da yanki. Birtaniya ta bi sahu da rahoton kwamitin Hayter na 1961, wanda ya kai ga buɗe cibiyar nazarin Afirka ta Yamma a Birmingham a 1963. Wannan tarihi ne ya sa har yau shirin nazarin yanki a jami'o'i da dama ba shi da malamai nasa na kansa. Aro yake yi daga sassa. Ɗalibi kan zauna da mai ba shi shawara da takarda a hannu suna lissafi: malamin tarihin yankin ya tafi hutun bincike bana, ko kwas ɗin siyasa zai maye gurbinsa? Kwas ɗin da kashi ɗaya cikin uku kawai ya taɓo yankin, za a ƙirga shi?

Mutanen da ake nazarinsu ba su yi shiru ba. Da Kwame Nkrumah yake buɗe cibiyar nazarin Afirka a Jami'ar Ghana a 1963, ya nemi a karanci tarihi da al'adun Afirka ta mahangar 'yan Afirka, kuma jami'ar ta wajabta wa ɗalibanta na digiri na farko kwas a wannan fanni. A 1978 masanin adabi Edward Said ya fitar da littafinsa Orientalism, inda ya nuna yadda ilimin Turawa game da Gabas ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mulkin mallaka. Sukar ta yi tasiri a manhaja: aka shigo da marubutan yankunan da kansu, aka ƙara kwas kan yadda fannin ya faro. Cambridge ta cire tsohon sunan nazarin Gabas daga tsangayarta a 2007, Oxford ta yi haka a 2022.

Bayan rushewar Sobiyet a 1991 sai suka ta zo ta wata kusurwa. Wasu masana siyasa da tattalin arziki suka ce sanin yanki ɗaya ba ilimi ba ne idan babu dabarun bincike da kwatanta ƙasashe. Daga nan sharaɗin kwas ɗin hanyoyin bincike ya ƙara ƙarfi, kuma ana yawan shawartar ɗalibi ya haɗa nazarin yanki da wani fanni na biyu. Wannan gyara ne mai kyau.

Abin da ke damuna shi ne abin da ake yi wa harshe. A 2011 majalisar dokokin Amurka ta zaftare kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin waɗannan shirye-shirye, kuma ajin da ke da ɗalibai biyar shi ake fara rufewa idan aljihu ya yi sanyi. Mu yi lissafi. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na bukatar awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Larabci ko Sinanci ko Japananci, kimanin 1,100 a harsuna irin su Hausa da Rashanci, 600 zuwa 750 a Faransanci ko Sifaniyanci. Ɗalibin da ke shiga aji awa biyar a mako, mako 15 a zango, zango huɗu, awa 300 kawai ya samu. Da wannan za a ce ya rubuta kundi kan mutanen da bai iya karanta jaridarsu ba? Duk abin da zai sani, ta bakin wani zai ji shi.

Jami'o'in Birtaniya sun fi riƙe wannan da muhimmanci: digirin Larabci ko Sinanci shekara huɗu ne, ɗaya daga ciki a ƙasar da ake magana da harshen. A Amurka yawanci ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa ake yi ya tafi, ba a tilasta masa, don ba kowa ke da halin tafiyar ba.

Akwai kuma ɗalibin da waɗanda suka tsara sharuɗɗan farko ba su yi tunaninsa ba, wanda ya tashi da harshen a gidan iyayensa. Jami'o'i da yawa kan yi masa jarrabawar tantancewa, idan ya ci a ɗauke masa azuzuwan farko. Wasu sun buɗe wa irinsa aji na musamman, tunda sau da yawa bakinsa ya iya amma hannunsa bai saba da rubutu ba, wasu kuma kan ce ya ɗauki harshe na biyu daga yankin.