Gwiwa ta ce ƙas: me likita ke lalubawa da hannunsa?

Wace jijiya ake nufi idan an ce jijiyar gwiwa ta tsinke?

Kalmar jijiya tana da faɗi, ta jini ma jijiya ce. A nan ana nufin igiyoyi masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Manyansu huɗu ne a gwiwa. Biyu suna can ciki, sun gitta juna: ta gaba, wadda likitoci ke kira ACL, tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya, ta baya kuma, PCL, tana hana shi faɗawa baya. Sauran biyun suna gefe da gefe, MCL ta gefen ciki, LCL ta gefen waje. Idan ɗaya ta tsinke, gaɓar takan yi sako-sako, mutum yana cikin tafiya sai ya ji ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Me ya sa likita ke fara da tambayoyi kafin ya taɓa gwiwar?

Domin yadda abin ya faru yakan tona asirin rauni. Ɗan ƙwallo ya kafa ƙafa, ya juya da sauri, ba wanda ya taɓa shi, ya ji ƙas, cikin 'yan awoyi gwiwa ta kumbura tim: zargi ya faɗa kan ACL, kumburin nan mai sauri kuwa yawanci jini ne ya taru a gaɓa. Wanda gaban ƙwaurinsa ya bugi allon gaban mota a haɗari, PCL ake tuhuma. Wanda aka buga ta gefen waje gwiwa ta karkace ciki, MCL ce ta sha wuya.

Wane gwaji aka fi dogara da shi a kan ACL?

Gwajin Lachman. Sunan wani likitan ƙashi ne na jami'ar Temple a Amurka, John Lachman, kuma ɗalibinsa Joseph Torg ne ya bayyana gwajin a rubuce a 1976. Majiyyaci ya kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwa kaɗan, digiri 20 zuwa 30. Likita ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya kama saman ƙwauri da ɗayan, ya fizgo shi gaba.

Abu biyu yake lura da su. Na farko nisan da ƙashin ya motsa idan aka kwatanta da ɗaya ƙafar: har zuwa milimita 5 mataki na ɗaya, 6 zuwa 10 na biyu, abin da ya haura 10 na uku. Na biyun, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne yadda motsin ya ƙare. Jijiya mai lafiya takan tsayar da ƙashin cak, kamar igiyar da ta kai ƙarshenta. Wadda ta tsinke kuwa, ƙashin yakan tafi lugwi-lugwi ba inda ya tsaya. Wannan bambanci ba a karanta shi a littafi a iya, sai hannu ya taɓa gwiwoyi da yawa.

Akwai tsohon gwaji da ake lanƙwasa gwiwa digiri 90 a jawo ƙwauri kamar ana buɗe durowa, amma a sabon rauni yakan yaudari mutum, domin tsokar bayan cinya tana ƙanƙamewa ta riƙe ƙashin. Haka ma gwajin da ake murɗa ƙafa ciki ana lanƙwasawa don a ji gaɓa ta goce ta koma. Idan ya nuna, hujja ce mai ƙarfi, sai dai mai jin zafi ba ya sakin jiki, shi ya sa ya fi fitowa sarai idan an yi allurar barci.

Ƙafa ɗaya ke ciwo, me ya kai likita ɗayar?

Ita ce ma'auni. Wasu an halicce su da gaɓoɓi masu laushi, abin da zai zama rauni a wani, a wurinsu lafiya lau ne. Da mai lafiyar ma ake farawa, don majiyyaci ya san abin da za a yi masa ya daina ɗari-ɗari.

Ana iya rikita ACL da PCL?

Ƙwarai. Idan PCL ta tsinke, ƙwauri yakan riga ya zauna baya. Likita ya jawo shi gaba, ya ga ya motsa sosai, ya ɗauka ACL ce, alhali mazauninsa kawai ya koma. Maganin wannan shi ne a duba kafin a ja: a lanƙwasa gwiwoyin biyu digiri 90, a kalle su ta gefe. A mai lafiya, saman ƙwauri yakan ɗan ɗara ƙarshen ƙashin cinya da kusan santimita 1. Idan tudun nan ya ɓace, wurin ya lotsa, PCL ce.

Na gefe fa?

A tura gwiwa ciki ko waje a ga ko gaɓar za ta buɗe, sau ɗaya a digiri 30, sau ɗaya a miƙe. Idan ta buɗe a 30 kaɗai, jijiyar gefen ce. Idan har a miƙe ma ta buɗe, ɓarnar ta wuce jijiya ɗaya.

Tunda akwai MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, me ya rage wa hannu?

MRI yana nuna jijiya da guringuntsi ƙafa na kwance shiru, ba ya nuna yadda gaɓa ke rawa idan an motsa ta. Hoton ƙashi kuma karaya yake nema, kuma ana yin sa musamman idan mutum ya kasa taku huɗu, ko ya kasa lanƙwasa gwiwa digiri 90, ko ya kai shekara 55. Idan kumburi da zafi sun hana gwaji, ana sake shi bayan 'yan kwanaki.

Yaushe ne ba a jira?

Idan gwiwa tana lilo ta fuska fiye da ɗaya. Mai yiwuwa ta goce gaba ɗaya ta koma da kanta, kuma babbar jijiyar jini tana bi ta bayanta daf da ƙashi. Likita zai taɓa bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa, ya ce wa majiyyaci ya ɗaga yatsunsa sama. Ƙafa ta yi sanyi, ko ta dushe, ko ta mutu ba ta ji, ko yatsu sun ƙi ɗaguwa, a tafi sashen gaggawa nan take.